Abin da Ruwa Ke Ɗauke wa Majinyaci: Waiwaye Daga Mashi

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci babban asibiti a ƙasar Hausa ya san sunan da jama'a suka raɗa wa sashen da ake koya wa gaɓoɓi komawa bakin aiki. Sashen gashi ake ce masa, ko gashin ƙashi, ma'aikacinsa kuwa likitan gashi, ko da yake 'yan boko sun fi sakin baki da fisiyo. Wannan suna bai faɗo daga sama ba. Daga aikatau “gasa” ya fito, kuma ya taho ɗauke da wani tsohon tunani na Bahaushe game da ciwon gaɓoɓi, wato sanyi ne ke shiga jiki ya kwanta a ƙashi, zafi kuma shi ke tashinsa. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi kafin ya fitar da littafinsa kan magungunan Hausawa a 1988, ya lura da girman matsayin sanyi cikin dalilan cuta a wurin mutanen da ya zauna da su. Ba ma sai an buɗe littafi ba. Tsohuwar da gwiwa ta hana tashi cewa take yi sanyin ƙashi ke damunta. Wanda ya yi targaɗe ana tsoma tsumma a ruwan zafi a dinga danna masa. Mai mura ya lulluɓa ya yi sirace. Maijego kuwa kwana arba'in take yi tana wanka da tafasasshen ruwa da ganyen runhu ko na bedi, kamar yadda Katsinawa ke kiran darbejiya. Ashe ke nan jinya da ruwa ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Sai dai a duk waɗannan ruwan ɗan aike ne kawai, zafin da ya ɗauko shi ake nufi da magani.

Sunan ya yi wa sashen rana, domin ya sa mutumin karkara bai ɗauke shi wani baƙon abu ba. Amma ya zo da nasa bashin. Wanda aka ce za a yi wa gashi ya riga ya san rabonsa na aikin, wato ya kwanta a yi masa. Nahawun kalmar ma haka ya tsara: akwai mai gasawa, akwai abin da ake gasawa, kuma ba a taɓa jin naman da ke kan tukuba ya taya mai tsire aiki ba. Alhali mafi yawan abin da ke mayar da gaɓa kan aikinta motsin majinyacin ne da kansa, a kai a kai, ko da yana jin ciwo. Wannan tazara tsakanin suna da aiki ta fi fitowa fili a wani reshe na wannan jinya da ba a cika saninsa a Arewa ba, wato motsa jiki cikin ruwa, inda majinyaci ke shiga kwami har ƙugu ko ƙirji ya yi tafiya, ya lanƙwasa, ya miƙe, ƙarƙashin kulawar masani. A nan zafi bako ne na biyu. Babban abin da ruwan ke yi shi ne ɗauke nauyi.

A garin Mashi wannan magana kan yi kama da almara. Mashi hedikwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Katsina, tsakanin Katsina da Daura, ƙasarta kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Jigawa ce ta gero da wake da gyaɗa, daminarta wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara kuwa ruwa abu ne da ake lissafawa da jarka, a biya ɗan garuwa, a yi tattalin abin da ya rage a randa. Ko labarin da wannan yanki ya fi shahara da shi, na Bayajida da rijiyar Kusugu ta Daura, a ƙashinsa labarin ƙarancin ruwa ne: gari guda yana jiran ranar Juma'a kafin ya ɗiba. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa ya san ruwa a matsayin abin sha da alwala da girki. A ce masa ya shiga ciki tsundum domin neman lafiya, sai ya ga kamar almubazzaranci ake koya masa.

A wannan gari akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya shafe shekaru yana koyar da Hausa, wanda kowa ke kira Malam kawai. Ya haura sittin lokacin da ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga kasuwa ya kauce wa akuya, suka zube, ƙashin cinyarsa ya karye dab da gwiwa. Aka kai shi wurin maɗori, kamar yadda yawancin mutanen garin za su yi, aka ɗaure ƙafar da karare, ya kwanta. Ƙashi ya haɗu, kuma babu wanda ya isa ya rage wa maɗorin wannan yabo. Amma da aka kwance ɗorin bayan wata biyu da 'yan kwanaki, sai aka tarar da ƙafa miƙaƙƙiya kamar taɓarya. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, cinya ta tsotse har ta koma kusan kaurin ƙwauri. Safe da yamma uwargidansa na dafa ruwa tana gasa masa, tana bi da man shanu. Yakan ji daɗi na sa'a guda, daga nan gwiwar ta koma yadda take.

Abin da ya same shi sananne ne ga masana. Gaɓar da aka hana motsi na tsawon makonni, jijiyoyi da tantanin da ke kewaye da ita kan taƙure, tsokar da ke riƙe da ita kuma ta rame don rashin aiki. Idan mai ita ya tashi ya taka, nauyinsa duka ya sauka a kan gaɓar da ba ta da mai tallafa mata, sai ciwo ya taso; ciwo ya sa ya koma ya zauna; zama ya ƙara ramar da tsoka. Haka abin ke zagayawa. Kuma asarar ta fi girma a rayuwar Mashi fiye da yadda take a ƙasashen da ake rubuta littattafan jinya. Mai rayuwar kujera da tebur, lanƙwasar gwiwa ta digiri 90 zuwa 110 ta ishe shi zama da tashi da hawan bene. Bahaushe kuwa a tabarma yake zama, a tsugune yake biyan buƙatarsa, yana durƙusawa ya gai da manya, kuma sau biyar a yini yana zaman tahiya, wanda ke neman gwiwa ta naɗe har kusan digiri 150. Malam bai damu da sandar da yake dogarawa ba kamar yadda ya damu da farar kujerar roba da ake ajiye masa a ƙarshen sahu. A ganinsa wannan kujera ita ta sanar da unguwa cewa ya tsufa.

'Yarsa da ke aure a Kano ita ta matsa sai ya zo an duba shi. Can aka haɗa shi da wani matashin likitan gashi, wanda bayan makonni na fama a kan gadon asibiti, inda duk lanƙwasa ɗaya ke sa dattijon ya damƙe bakin katifa, ya ce yana so su gwada wani abu. Yana da sa'o'in da yake haya a kwamin ninƙaya na wani masauki, bayan la'asar, lokacin da babu kowa. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara.

“Ɗana,” in ji Malam, “mai sanyin ƙashi za ka tsoma a ruwa? Ai wannan ƙari ne a kan ciwo.”

“Baba, ku sa hannu ku ji tukuna.”

Ya sa. Rana ta yini tana dafa ruwan, ya yi ɗumi kamar na alwalar hunturu. Wannan ya kashe hujjarsa ta farko, amma akwai ta biyu da bai faɗa ba. Rabonsa da shiga ruwan da ya wuce gwiwa tun yana yaro, tun ranar da aka zane shi saboda wanka a kududdufi. Ya girma cikin labaran dodon ruwa da na iskokin da ke zaune a tafki, irin su Sarkin Rafi na 'yan bori, kuma ko da yake karatu ya raba shi da yarda da su, bai raba gabansa da faɗuwa ba. Ranar farko bai yi komai ba sai tsayuwa, hannu biyu riƙe da bakin kwami, ruwa a ƙirji, matashin na gefensa. Can sai ya ce, a hankali kamar mai tsoron kada abin ya ji ya gudu: “Ƙafar ba ta ciwo.”

Dalilin wannan kowane yaro da ya taɓa jan ruwa a rijiyar Mashi ya san shi a hannunsa, ko da bai san sunansa ba. Guga cike fal ba shi da nauyi muddin yana nutse. Sai ya bar fuskar ruwa sannan igiya ta ɗaure, nauyinsa ya sauka a kafaɗa. Arkimidis, masanin Girka na birnin Sirakus da ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya tsara wannan a matsayin ƙa'ida: duk abin da aka nutsar, ruwa na tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Jikin mutum kuwa kusan nauyinsa ɗaya da ruwan da ya kai girmansa. Shi ya sa wanda ya tsaya cikin ruwa har ƙugu, ƙafafunsa na ɗauke da kusan rabin nauyinsa ne kawai. Har ƙirji, kusan kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Har wuya, kusan kashi 10 cikin 100. Dattijo mai nauyin kilo 70, idan ruwa ya kai masa ƙirji, gwiwoyinsa na aikin ɗaukar yaro mai kilo 25 ne ko ƙasa. A wannan hali zai iya taka ƙafar da ya yi wata da watanni yana tsoron takawa, ya koyi tafiya daidai ba tare da ɗingishin da ciwo ya koya masa ba. Zurfin ruwan ma ya zama ma'auni a hannun likita: yau a ƙirji, bayan mako biyu a cibiya, daga nan a ƙugu, ana mayar wa ƙafa nauyinta kaɗan-kaɗan kamar yadda ake yaye yaro.

Ruwan da ya sauƙaƙa nauyi, shi ne kuma ke tsananta motsi, kuma a nan hikimar take. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka duk inda aka tura ƙafa sai ya tare ta, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya motsa a hankali, a hankali ruwa zai tare shi. Wanda ya ƙara sauri, ya ƙara wa kansa aiki. Ke nan majinyaci ke yanka wa kansa gwargwadon abin da zai iya, kuma da ya tsaya nauyin ya ɓace, saɓanin ƙarfen motsa jiki da kan iya suɓucewa ya ji masa rauni. Ga kuma matsin da ruwa ke yi wa jiki ta kowane gefe, wanda ya fi ƙarfi a ƙasa, yana tura ruwan kumburi daga sawu da ƙwauri zuwa sama. Sai ɗumi, wanda Bahaushe ya riga ya sani: kwamin da aka gina musamman don jinya ana riƙe shi tsakanin digiri 33 da 35 a ma'aunin Salshiyos, ƙasa kaɗan da zafin jiki, inda tsoka ke saki kuma mutum ba ya jin sanyi ko zafi. Akwai wani amfani da ba ya aunuwa da sikeli. Tsoho ko mai shanyewar ɓarin jiki, abin da ya fi tsoro shi ne faɗuwa, kuma tsoron kan sandarar da shi fiye da cutar. A cikin ruwa faɗuwa a hankali take zuwa, tana ba mutum lokacin da zai gyara tsayuwa, in ma bai gyara ba babu daɓen da zai fasa masa ƙugu.

Bai kamata a zuzuta abin fiye da yadda yake ba, domin kasuwar magani a ƙasar Hausa ta riga ta cika da masu lasifika da ke warkar da cuta saba'in da kwalba ɗaya. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 13 da suka shafi mutum 1,190 masu amosanin gwiwa ko na ƙugu. Abin da ta samu shi ne motsa jiki cikin ruwa na rage ciwo da naƙasa, yana kuma kyautata rayuwa, amma gwargwadon sauƙin kaɗan ne, kuma an auna shi ne dab da kammala jinyar. Game da shanyewar ɓarin jiki, bitar da ƙungiyar ta yi a 2011 ta tarar gwaje-gwajen sun yi ƙaranci a yanke hukunci da su. Ruwa ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye, ba ya tayar da jijiyar da ta mutu. Darajarsa ita ce yana buɗe ƙofar motsi ga wanda tudu ya rufe wa ita: mai ƙiba da gwiwa ta gaza, mai ciwon baya da ya daɗe, wanda aka yi wa aiki a ƙugu, yaron da aka haifa da taurin gaɓoɓi. Ga irin waɗannan, zaɓin sau da yawa tsakanin motsi cikin ruwa ne da rashin motsi baki ɗaya.

Tarihin Franklin Roosevelt na Amurka ya nuna iyakar abin da kuma girmansa a lokaci guda. A 1921, yana da shekara 39, ƙafafunsa suka shanye da cutar da likitocinsa suka ce shan inna ce. A 1924 ya je Warm Springs a Jihar Jojiya, inda wani marmaro ke fitar da ruwa mai ɗumin kusan digiri 31, ya tarar a ciki yana iya tsayuwa da motsa ƙafafun da suka ƙi masa biyayya a tudu. A 1927 ya kafa gidauniya da ta mayar da wurin cibiyar jinyar masu shan inna. Bai sake tafiya da ƙafarsa ba tare da ƙarafa da madogari ba har ya mutu a can a 1945, yana shugaban ƙasa. Amma ya samu ƙarfin jiki da na zuciya da ya ci gaba da harkokinsa, dubban guragu kuma suka amfana da wurin. Wannan labari ya fi kusa da Arewa fiye da yadda ake zato. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan an ga ta ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, sai dai sanarwar ba ta miƙar da ƙafar kowa ba. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan a kan kekunansu a kowace tasha daga Mashi har Kano, kafaɗunsu da suka yi shekaru suna aikin ƙafafu sun fara gajiya, kuma suna cikin waɗanda ruwa zai fi yi wa amfani. Wata hanyar koyarwa da James McMillan ya fara a 1949 a makarantar Halliwick ta 'yan mata masu naƙasa a Landan, ba da iyo take farawa ba. Da sabo take farawa, a koya wa mutum sakin jiki da sarrafa numfashi da daidaita kansa kafin a nemi wani abu a wurinsa. Tsayuwar da Malam ya yi a ranarsa ta farko, darasi na ɗaya ke nan.

Ruwa kuma yana da waɗanda ba ya karɓa, kuma a nan wankan jego ya sake shigowa. A shekarun 1970 likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Davidson da Parry, sun ruwaito yawan gazawar zuciya tsakanin masu jego, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta da shan kunun kanwa. Wannan bayani ya yi shekaru yana yawo a littattafai, har wani babban bincike na ƙasa baki ɗaya da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya tarar cutar ta fi alaƙa da rashin ilimi da rashin aikin yi da rama da hawan jinin masu ciki, bai kuma ga alaƙarta da al'adun jego ba. Manazarcin al'ada na da abin tunani a nan game da saurin da ake yi wajen ɗora wa al'ada laifin talauci. Duk da haka, abu ɗaya tabbatacce ne: nutsewa har wuya na tura jini fiye da rabin lita daga ƙafafu da ciki zuwa ƙirji, kuma zuciyar da ta riga ta gaza ba lalle ta iya ɗaukar wannan ƙari ba. Shi ya sa ake auna majinyaci kafin a sa shi a kwami, a dakatar da mai buɗaɗɗen rauni da mai zazzaɓi da wanda ba ya iya riƙe bayan gida da mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba. Ko gashin gida ma ba a bar shi ba: mai ciwon sugan da ƙafarsa ta daina ji kan ƙone da ruwan zafi bai sani ba, ƙunar kuma ta zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa.

Malam ya yi mako shida yana zuwa sau biyu a mako, yana haɗawa da atisayen tudu da aka ba shi. Ba a samu abin al'ajabi ba. Gwiwar ta naɗe har ya iya kai goshi ƙasa, yana ɗan karkatar da ƙafar gefe a zaman tahiya. Tsuguno mai tsawo har yanzu yana gagararsa, sanda kuma bai yar da ita ba, sai dai ya koma riƙe ta don hanya mai nisa. Ya koma Mashi kafin faɗuwar damina, aka mayar da kujerar roba cikin gida. Da ruwa ya sauka kududdufai suka cika, wani maƙwabci da ya ji labari ya ce ai ga kwami Allah ya kawo har gida. Malam ya ƙi, kuma ya yi daidai. Ruwan kwance a wannan yanki gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, cutar da ke sa yara fitsarin jini har wasu iyaye ke ɗaukarsa alamar balaga. Ƙasansa laka ce mai santsi, zurfinsa ba a san shi ba, musamman ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda kowace damina sai sun ci rai. Madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam ma ba don wannan aka yi su ba. Allah ya yi maɓuɓɓugai masu ɗumi a wasu wurare, kamar Wikki a dajin Yankari na Jihar Bauci, wanda ke tsaye a kan kusan digiri 31 rani da damina, daidai da na Roosevelt, da Tafadek a duwatsun Azbin arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓoɓi suka daɗe suna zuwa. Amma daga Mashi kowannensu tafiya ce ta mai hali, jinya kuwa maimaici take so.

To, mene ne zai hana a gina? Lissafin bai kai yadda ake tsoro ba. Kwami mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da zurfin mita 1.2 na cin lita 14,400, wato jarka 576 mai lita 25. Adadin na da ban tsoro ga mai saye a hannun ɗan garuwa, amma ba kullum ake zubarwa a sake ba. Ana tacewa a sa kilorin, a riƙa cike abin da ya ƙafe. Rijiyar burtsatse ɗaya mai aiki da hasken rana, irin waɗanda suka fara yawaita a yankin, za ta iya cika shi, ranar da ke ƙona gero kuma ita za ta ɗumama shi, sai a hunturu da za a buƙaci murfi da ƙarin tanadi. Abin da ya fi ruwa wuya shi ne mutum. Aikin gashin ƙashi na zamani ya shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, asibitin ƙashi na Dala a Kano yana aiki tun 1959, Jami'ar Bayero kuma na yaye ɗalibai a fannin. Sai dai waɗanda aka yaye a manyan birane suke taruwa, wasu ma su haye teku. Kwamin da babu masani a bakinsa, kuma babu mai kula da tsabtarsa, cikin wata guda zai koma kududdufi mai siminti.

Akwai kuma aikin da ya rage wa masana harshe da al'ada, domin su ke da makaman yinsa. Muddin sunan abin gashi ne, majinyaci zai zo yana jiran a yi masa. Muddin kuma ana ganin ruwa abokin sanyi ne, tsoho zai tsaya a bakin kwami yana muhawara. Ba a buƙatar rushe tunanin da ya gada. Guga a rijiya ya ishi bayanin ɗauke nauyi, kuma mai jin tsoron ruwa saboda sanyi ya san ƙissar Annabi Ayuba (AS) a Suratu Sad, wanda bayan doguwar jinya aka umurce shi ya buga ƙafarsa a ƙasa, ruwa mai sanyi ya ɓuɓɓugo ya yi wanka ya sha. Malam da kansa, da abokan hira suka tambaye shi irin gashin da aka yi masa a Kano, cewa ya yi ba a gasa shi ba, tafiya aka sake koya masa a inda ƙasa ba ta jan mutum. Jimla ce mai tsawo, ba za ta hau allon ƙofar asibiti ba, amma ta fi kalmar da ke kai yanzu faɗin gaskiya.

Wadda ta fi kowa sauraron wannan labari ita ce uwargidansa, wadda ta yi watanni tana dafa masa ruwa. Shekararta takwas tana fama da gwiwoyi biyu, bayan haihuwa tara da daka da surfe da ɗaukar tulu, kuma amosanin gwiwa dama ya fi kama mata fiye da maza, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Idan aka bi binciken da aka ambata, ita ce ma ainihin wadda aka tabbatar wannan jinya na yi wa amfani, fiye da mijinta. Ya ce mata ta shirya su koma tare bayan kaka.

“Malam, wa ke tsayawa a kan mutum a cikin ruwan?”

“Yaron nan ne, likitan. Yaron kirki ne.”

“Kuma wurin a buɗe yake?”

“Akwai katanga, sai dai ma'aikatan masaukin kan gifta.”

Ba ta ƙara cewa komai ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba, domin ya san amsar kuma bai ga laifinta ba. Al'adar da ta tsara wankan jego ta san wannan tun da daɗewa: a bayan ɗaki ake yinsa, ungozoma ko wata tsohuwa ta gida ke tsayawa a kai, namiji ba ya leƙawa. Duk kwamin da za a gina a Mashi ko Daura ko Katsina ba tare da rufi da ranakun mata da ma'aikaciya mace da suturar da ta dace ba, rabin masu buƙatarsa, kuma rabin da ya fi buƙata, ba za su taka ƙofarsa ba. Kujerar robar da aka dawo da ita daga masallaci tana ɗakin uwargida yanzu, a kanta take salla.